Zanen Ƙafar Bakwaini

Zuwa ga abokiyar wasata, 'yar Kawu, Sarauniyar Barci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Da aka ce min kin tafi koyon aikin sa marasa lafiya barci kafin tiyata, na ce to, Allah ya haɗa gwani da aikinsa, domin tun muna yara ba a taɓa kada ki a barci ba.

Mu nan lafiya lau. Inna, wato Goggonki, tana gaishe ki. Ciwon bayanta yana nan yadda kika san shi, yana tashi duk ranar da aka ce ta yi abin da ba ta so. Kawu ya leƙo shago kwanan baya, na sake wa takalminsa dunduniya. Maijego ma ta murmure.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar gidan nan guda ɗaya ce, ita kuma ta faɗa cikin gwangwanin gam, ta mutu murus. Direban da yake zuwa garinku abokin cinikina ne, shi zai riƙa kai miki.

Maganar Bakwaini ce ta hana ni sukuni. Kin san bai cika watanninsa ba ya fito, sai da ya yi zaman kwalba a asibiti kafin a ba mu shi. To, maijego tana yi masa wanka ta ga wani kumburi a matsematsinsa, in ya yi kuka ya taso, in ya yi shiru ya koma. Likita ya ce gwaiwa ce. Wai hanji ne yake leƙowa ta wata 'yar kafa da ba ta rufe ba, in aka bar shi wata rana zai iya maƙalewa, don haka gara a yi aiki ba da jimawa ba. Sai wata likita irinku, mai sa barci, ta zaunar da mu ta ce ba ta son ta sa shi barci gaba ɗaya. Allura za ta yi masa a gadon baya, ƙasan jikinsa ya mutu, a yi aikin idonsa biyu. Ta ce in je in yi shawara in dawo in sa hannu.

Inna ta ce sai dai bayan ranta. Ta ce: "Ni da girmana aka yi min ita a haihuwar autana, kaina ya yi kwana da kwanaki yana sarawa, baya kuwa har yau ban mallake shi ba. Balle wannan da bai cika tafin hannu biyu ba? Za ku shanye masa ƙafafu."

A gabanta na yi dariya, amma 'yar Kawu, tsoro nake ji. Ni nake ɗinka wa yaran da ƙafarsu ta shanye takalmi a unguwar nan. Na san yadda uwa take ɗora ƙafar ɗanta a kan kwali in zana, ba ta yarda mu haɗa ido. Ƙafar yaro mai lafiya ba ta tsaya wa fensir, sai an yi kokawa. Ta wancan kuwa inda ka ajiye ta nan za ka same ta.

Ga zanen ƙafar Bakwaini na sa miki a ciki, kamar yadda nake yi wa kowane jaririn dangi. Kada ki yi min dariya, uwarsa ta riƙe shi amma ya riƙa harbi kamar ɗan akuya. Ki faɗa min gaskiya, in sa hannu ko kada in sa?

Ubangidanki,
Mai gyaran takalmi

*

Zuwa ga Sarkin Faci, ɗan Goggo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin gam. Lafiyata ƙalau, sai gajiya, muna shiga ɗakin tiyata da sassafe ba ma fitowa sai ƙafa ta fara zagin mutum. Ka gaishe min da Goggo da maijego. Ka ce wa Baba ya daina kai maka takalminsa in yana son ya sake ganinsa. Nawa da na ba ka gyara tun kafin in taho, yana raye kuwa? Kuma wa ya naɗa ka ubangida?

Na ga zanen. Na nuna wa 'yar ɗakinmu na ce ta canka, ta ce ganyen bishiya ne da tsutsa ta ci.

Yanzu ka ajiye basilla ka saurare ni. Ba zan ce maka babu haɗari ba, duk wanda ya ce maka haka ya yi maka ƙarya. Amma likitar nan ta san abin da take yi. Jaririn da bai cika watanninsa ba yakan manta ya ja numfashi, kamar yadda kake manta alkawari. Maganin barci na gaba ɗaya yana iya ƙara masa wannan mantuwar bayan an gama aiki. Wannan take guje masa.

Allurar siririya ce, in ka ajiye ta kusa da basillarka kamar gashi ce kusa da tsintsiya. Can ƙasan baya ake sa ta, inda lakar gadon baya ta riga ta ƙare. Yawancinsu ma barcinsu suke yi, ana ɗiga musu ruwan sukari a baki suna tsotsa.

Ga abin da kan iya faruwa, don kada ka ce na ɓoye maka. Wani lokaci allurar ba ta kamawa, sai a koma ga barcin gaba ɗaya. Wani lokaci maganin yakan hau sama fiye da yadda ake so, ya danne numfashi ko ya rage bugun zuciya. Shi ya sa da zarar an yi ta ba a yarda kowa ya ɗaga ƙafafun jaririn sama, kuma akwai mai tsayawa a kansa ba ya ko ƙifta ido. Bayan aiki za su riƙe shi su sa masa na'ura tana gadin numfashinsa, kada ka yi musu gardama ka ce shago yana jiranka. Ciwon kan da Goggo ta yi gaskiya ne, yana samun manya, amma ba kasafai ake ganinsa a jarirai ba. Shi kuwa ciwon bayanta, ka tambaye ta shekara nawa ta yi tana wanki a sunkuye. Ka tambaya daga bakin ƙofa, takalminka a ƙafa.

Shanyewar ƙafa da kake tsoro abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Malamarmu ta yi furfura a aikin nan, ta ce ba ta taɓa gani da idonta ba. Ƙafafunsa dai za su mutu na ɗan lokaci, daga cibiya zuwa ƙasa ba zai ji komai ba, abin da ake so ke nan. Amma ba ya daɗewa. Kafin ka gama gyaran takalmi ɗaya maganin ya sake shi.

Da ɗana ne da na sa hannu. Kai ma ka yi bisimilla ka sa.

Uwarɗakinka,
Mai sa barci

*

Malama,

Salam. Muna asibiti. Na sa hannu kamar yadda kika ce, Inna tana kuka na sa.

An yi aikin da safe, ba su daɗe ba suka fito da shi. Yana da rai, idonsa biyu, hannuwansa suna motsi. Ƙafafunsa kuwa kamar igiyar takalmi, in ka ɗaga ɗan yatsa ka saki sai ya faɗi.

Kin ce kafin in gama gyaran takalmi ɗaya. Silifas ɗin maijego ya tsinke a hanya, na ciro basilla da zare daga aljihu na zauna a benci na ɗinke shi tsaf. Na koma na duba, babu motsi. Na karɓi na Inna, wanda lafiyarsa ƙalau, shi ma na bi shi da ɗinki. Na koma, babu motsi. Nas ta ce mu yi haƙuri za su dawo. Haka suke ce wa kowa.

Na yagi kwalin magani na ɗora ƙafarsa na zana. Ga shi nan, ki duba da kyau. Babu wanda ya riƙe min shi. Fensir ya zagaya tun daga dunduniya har ƙaramin yatsa bai kauce ba. Tun da nake wannan sana'a, ƙafa iri ɗaya ce take tsaya min haka, kin kuma san wace ce.

Inna tana gefe tana jan carbi. Da ma ta yi faɗa, da ya fi min sauƙi.

Tasha tana tsallaken titi, direba yana shirin tashi, zan ruga in ba shi. Ke na tambaya domin ke jinina ce.

Uban Bakwaini

*

Yaya,

Salam. Ina fatan takardar nan ta same ku cikin sauƙi, kai da maijego da Goggo. Ni dai ba zan ce maka ina lafiya ba.

Tun da muke ba ka taɓa ce min Malama ba. Na karanta a tsaye a bakin ƙofar makaranta, na kuma ga zanen.

Yaya, laifina ne. Da na ce gyaran takalmi ɗaya, irin gyaranka da na sani nake nufi, wanda mutum zai kawo takalmi ka ce ya zauna yanzun nan, ka sha shayi, ka yi musun ƙwallo da tela, ka nemi almakashi ka rasa, sannan ka fara. Awa ɗaya nake nufi, ko biyu, wani ma yakan ɗan haura. In aikin ya yi sauri, dole a fito da yaro maganin bai gama sakinsa ba. Na tsaya tsokanarka a wurin da ya kamata in yi maka magana da agogo.

Na kai wa malamarmu takardarka. Ta ce abin da ka kwatanta shi ne abin da ake gani kullum a ɗakin farfaɗowa, kuma tana kyautata zaton kafin motar ta fita gari ƙafafun sun dawo. Ni ma hankalina haka yake ce min. Amma zato ba sani ba ne, zuciyata kuma ta ƙi jin karatu. In na rufe ido zanen nan nake gani.

Na samo lambar tela maƙwabcinka na kira. Ya ce shagonka a kulle yake, gidan ma babu kowa, bai san komai ba. Asibiti kuwa sun ce ba sa ba da labarin majiyyaci ta waya. Don Allah ka rubuto, ko layi ɗaya ne. In ma fushi ne ka zage ni, zan karɓa.

Ƙanwarka

Ƙari: Takardar nan ta yi kwanaki a jakata. Kullum ina zuwa tasha, direbanka bai zo ba, an ce motarsa ta lalace. Zan ba wani direban da ya ce ya san layin shagonku. Jarrabawarmu ta ƙarshe farkon mako mai zuwa ce. In makon nan ya ƙare ban ji daga gare ka ba, zan bar ta in taho. Ba zan iya tsayawa a kan ɗan wani riƙe da allura ba alhali ban san abin da na yi wa namu ba.

*

Zuwa ga Sarauniyar Barci, 'yar Kawu, likitar likitoci,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa, kafin komai: yana harbi! Ƙafa biyu, yatsu goma, duk suna aiki. Ki ajiye jaka, kada ki kuskura ki taho.

Yanzu sai gaisuwa. Muna gida lafiya lau, maijego tana gaishe ki, Inna ma haka. Takardarki ta iso yau da hantsi, wani direba mai ƙaton tumbi ya kawo ta bayan ya zagaya layinmu yana tambayar mai gyaran takalmin da ba ya cika alkawari. Wai kowa ya tambaya ni yake nuna masa. Na karanta, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ki yafe min, ƙanwata.

Ga yadda aka yi. Na miƙa wa direba waccan takardar, na tsallako titi ina jan ƙafa kamar ni aka yi wa allurar. Ina hawa bene sai na ji muryar Inna tana salati da ƙarfi. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Na faɗa ɗakin a guje, sai na tarar da ita tana lalube a ƙasa, maijego kuma ta riƙe ciki tana dariya da hawaye. Ashe Inna ta sunkuya tana tofa addu'a a tafin ƙafarsa, sai babban yatsan ya motsa. Ta ƙara matsowa don ta tabbatar, shi kuwa gogan ya tattara ƙarfinsa ya hamɓare mata tabarau. Tana ɗagowa ya bi ta da fitsari a zane. Nas ta ce madalla, shi ma fitsarin suna jiransa, domin maganin yakan riƙe shi na ɗan lokaci. Inna ta ce: "To ai ga shi nan na karɓar muku."

Na juya na ruga tasha in karɓe takardata, mota ta riga ta tashi. Na ce ba komai, in direban ya dawo zan aika wata. Sai ga motarsa ta kwanta a hanya, mu kuma asibiti suka riƙe mu.

Dalilin riƙewar, gara in faɗa miki, domin shi ne abin da kika yi min kashedi a kai ni kuma hankalina yana kan ƙafa. Da yammacin ranar muna zaune, maijego tana gyangyaɗi, sai na'urar nan ta ɗauki ƙara. Na duba yaro, ƙirjinsa ya tsaya cik, leɓensa ya fara sauya launi. Nas ta zo da sauri amma ba a firgice ba, ta kama tafin ƙafarsa ta murza da babban yatsanta, tana cewa: "Kai malam, a ja iska mana, ba a gama da kai ba." Sai ya zabura, ya ja numfashi, ya tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Ki duba ikon Allah, ƙafar da na gama yi wa makoki da safe, da ita aka tashe shi da yamma.

Likitar ta zo ta duba shi. Ta ce irin mantuwar bakwaini ce, ita suke gadi tun farko, don haka za mu ƙara kwanaki a sa masa ido. Ban yi gardama ba, ko sunan shago ban ambata ba. Bai sake yi ba har aka sallame mu. Kumburin ya tafi, wurin ɗinkin ɗan ƙarami ne, na kuma duba shi da idon sana'a. Ɗinki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, ko ni sai haka.

Inna kuwa kafin mu bar asibiti ta zama malama. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata mata da aka kawo jikanta: "Ki kwantar da hankalinki, 'yar ƙanina likitar abin ce. Ni na ce su sa hannu." Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe. Da na tambaye ta zancen bayanta, ta ce nata allurar tsohon yayi ce.

A kan maganar gyaran takalmi, ina da ƙara. Ni a sanina babu mai saurina a layin nan. Na tambayi tela ko gaskiya ne ina da nawa, ya yi dariya har ya soki yatsansa. Saboda haka na rufe shago na zauna na gama naki, ga shi nan a leda, na sake masa ƙasa na goge shi. Bakwaini ma na yanka masa nasa da ragowar fata mai laushi, tsawonsa bai kai babban yatsana ba. An sa masa sau uku, sau uku yana cillar da shi.

Ga sabon zane. Maijego ta riƙe cinya, Inna ta riƙe gwiwa, ni na riƙe fensir, duk da haka ya ci mu da yaƙi. Inda kika ga takardar ta huje, nan ya doki hannuna.

Zan kai wannan tasha da kaina in tsaya sai na ga motar ta tashi. Ki zauna ki ci jarrabawarki.

Bawanki na mako guda kacal,
Sarkin Faci

*

Sarkin Faci,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Lafiyata ƙalau, yau kam da gaske. Ka gaishe min da maijego, da malama Goggo, da ɗan dambenku.

A tasha takardarka ta same ni, jakata a kafaɗa, ina neman motar garinku. Direban ya miƙo min leda ta taga. Na karanta layin farko na zauna a kan jakar ina kuka ina dariya, takalmin ƙafa ɗaya a hannuna, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ɗaya ƙafar aka sace min.

Na koma na yi jarrabawa, na kuma ci. A jarrabawar baki, malamarmu ta ce in ɗauka ita uba ce da za a yi wa jaririnsa wannan allurar, in yi mata bayani. Na faɗi komai da agogo, ban sako takalmin kowa ba. Da ta tambaya yaya zan yi da uban da ya ga ƙafafun ɗansa a mace, sai na ciro zanenka biyu na ajiye a tebur, na ce ƙafa ɗaya ce, ga ta da magani, ga ta bayan ya sake ta. Ta daɗe tana kallon mai hujin. Ta ce in manna su a bangon ɗakin da iyaye suke jira, yanzu haka suna can.

Takalmin ya yi kyau, na yafe maka rabin laifinka. Sauran rabin ga sharaɗinsa: duk wata ka aiko min da zanen ƙafar yaron nan har ya fara tafiya. Kuma in ka sake turo min zane mai kyau wanda fensir bai kauce ba, ni da kai ne.

Uwarɗakinka har abada,
Mai sa barci